Jan Tsumma a Hannun Birki

A gidansu Auta ake ce masa, ko da yake furfura ta riga ta cinye masa rabin gemu. A bakin titi kuwa ba wanda ya san wannan suna. Mai Birki kawai ake kiransa, domin tun da ya kafa rumfarsa, shekara ashirin da ɗoriya ke nan, bai taɓa kwance injin babur ba. In ka kawo masa babur mai hayaƙi ko mai tari, zai saurare ka har ka gama, ya yi maka sannu, sannan ya nuna maka rumfar gaba. Shi aikinsa ɗaya ne, wato abin da zai tsayar da kai.

Rumfar ba ta da girma. Fallen kwano huɗu ne a kan ginshiƙan ƙarfe, da benci ɗaya wanda ƙafarsa guda ke tsaye a kan tsohuwar cibiyar taya, da akwatin kayan aiki da ya fi komai tsabta a wurin. A jikin ginshiƙin tsakiya akwai ƙusa, a kan ƙusar kuma jajayen tsummoki guda shida suna rataye. Ba a goge hannu da su, ba a goge mai da su. Duk wanda ya saba zama a rumfar ya san haka.

Matsoraci ne, kuma bai taɓa musu ba. Yana tsoron kare, yana tsoron tsawa, yana tsoron wayar lantarki ko da an ɗauke wuta. In zai tsallaka titi sai ya dubi dama, ya dubi hagu, ya sake duban dama, har mai facin tayar da ke maƙwabtaka da shi ya ɗaga murya ya ce, “Maƙwabci, saura sama ba ka duba ba, kada jirgi ya faɗo maka!” Shi dai sai ya yi murmushi, ya ƙara duban hagu, sannan ya tsallaka.

Yawancin baburan da ake kawo masa, birkinsu na gaba mai igiya ne. Ka matsa hannu, igiya ta ja, takalman birki biyu su buɗe a cikin kwanon taya su goga. In irin wannan birki ya tsufa, sai ka matse shi kamar mai matse wanki kafin ya san kana yi. Masu yini a kan titi, suna kutsawa tsakanin motoci, suna tashi da gudu suna tsayawa a tsiyace, su ne ke zuwa su ce a cire musu shi a sa musu birkin faifai mai aiki da mai. Wannan ba ya jiran a roƙe shi. Ka taɓa, ya kama.

Na farko da Mai Birki ya sa wa irin wannan birki wani malamin makaranta ne, mutum mai fara’a da yawan godiya. Aiki ya yi kyau, malam ya hau, ya ɗaga hannu ya yi sallama. Bai kai kwanar farko ba wata akuya ta gitta masa. Hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru, ya damƙi birki da yatsu huɗu. Tayar gaba ta tsaya cak, babur ya ɗaga ƙugu, malam ya wuce ta saman kan babur ya sauka da fuska. Mai Birki yana tsaye da sifana a hannu, a kan idonsa aka yi. Malamin ya rayu, amma har yau kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kuma in ya zo wucewa yakan tsaya su gaisa, abin da ya fi zagi ciwo a wurin Mai Birki.

Tun daga ranar ya gane cewa in ka canja wa babur birki, rabin aiki ka yi. Sauran rabin yana hannun mai babur. Shi ya sa ya sayi jan yadi ya yayyanka. Duk babur ɗin da ya sa wa sabon birki, sai ya ɗaure masa jan tsumma a hannun birkin, kuma ba mai kwance shi sai shi. Kafin ya kwance, dole mai babur ya bi shi filin da ke bayan rumfa, ya naɗe ƙaramin yatsa da na kusa da shi a kan totur, ya ɗora biyu kawai a kan birki, ya tafi a hankali ya tsaya, ya tafi ya tsaya, sau ashirin. Manyan mutane masu jikoki sun yi wannan zagaye suna gunaguni. “Yatsu biyu,” yake ce musu, yana biye da su a ƙasa. “Kamar za ka taɓa ƙwai ka ji ko ya huce.”

Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa iya ba wa umarni ba, shi ne yayansa.

Yaya ya girme shi da shekara goma sha ɗaya, kuma shi ya riƙe gidan bayan rasuwar mahaifinsu. Shi ya kai Auta wurin koyon aiki, shi ya saya masa sifanar farko, shi ya tsaya masa har ya yi aure. Aikinsa dakon kaya a babur, daga manyan rumbunan ’yan kasuwa da ke kan tudu zuwa ƙananan shagunan da ke ƙasan gari. Yakan ɗaure kwali takwas a baya, biyu a kan tanki, ya shiga tsakanin motoci kamar zare a ramin allura. Abokan aikinsa Filaya suke ce masa, saboda hannunsa. In ya ba ka hannu ku gaisa, sai ka ji ƙasusuwan yatsunka suna gaisawa da juna, shi kuwa yana dariya yana tambayarka iyali. Notin da ya gagari sifana, an sha ganin ya murɗe shi da yatsu.

Shekara nawa Auta yana roƙonsa ya bari a canja masa birki. Yaya sai ya buɗe tafin hannunsa ya kai masa har hanci.

“Ga birkina nan. Wanne faifai ne ya kai wannan? Ka bar wa masu hannun biredi kayanka.”

To, ran nan da safe, an kwana ana yayyafi, sai ga Yaya ya turo babur cikin rumfa. Bai yi hon ba kamar yadda ya saba, bai ce “Ina matsoracin gidanmu?” ba. Ya kafe babur, ya tsaya yana kallon titi.

“Auta, sa mini wannan abin naka.”

“Wanne, Yaya?”

“Mai faifan. Wanda kake damuna da shi.”

Mai Birki ya ajiye abin da ke hannunsa. “Lafiya dai?”

“Sai da ciwo ake sa birki? Titi ne ya lalace. Yaran yanzu ba su iya tuƙi ba, kowa sai ya tsaya maka a gaba kamar gidan ubansa.”

Mai faci ya leƙo, ya miƙo hannu yana ɗan janyewa da wasa, domin ya san abin da ke biyo baya. Amma Yaya bai kama hannun ba. Ya dafa masa kafaɗa kawai ya ce, “Yau na yafe maka.” Aka yi dariya. Ya ce yana da wata hidima a ƙafa, sai bayan la’asar zai dawo, ya juya ya tafi.

“Yaya,” in ji Mai Birki da sauri, “in ka dawo akwai ɗan zagayen nan na bayan rumfa.”

“Na ji, malam. Zan zo da allo.”

Mai Birki bai taɓa yin aiki da tsoro kamar na ranar ba. Ya cire tayar gaba, ya canja ƙafar babur da wadda ke da wurin ɗaura sabon birki, ya ɗora faifan ya ɗaure notunansa ɗaya bayan ɗaya, ya sake bin su, ya kuma sake. Ya ja tiyon mai ya ɗaure shi inda ba zai gogi taya ba. Ya zuba man birki, ya yi ta matsawa yana sakin iska har sai da kumfa ta daina fitowa, hannun birki ya yi tauri. Ya ɗaga tayar ya juya ta, ya taɓa birkin da yatsa ɗaya. Ta tsaya kamar an sare ta.

Amma bai ji daɗi ba. Ya tuna hannun da zai kama wannan abu. Shekara talatin wannan hannu yana matse mataccen birki da duk ƙarfinsa, kuma hannu ba ya jin magana in rai ya razana. Zagaye ashirin ba za su ishi Yaya ba, sai ɗari. Ya ɗauko jan tsumma ya ɗaure, ya ƙulla sau biyu. Ya zare mabuɗin ya sa a aljihu. Da aka kira azahar ya wanke hannu da sabulu, ya tsallaka titi a yadda ya saba, ya tafi masallaci.

Da ya dawo, wurin da babur yake babu komai sai ɗigon mai biyu a ƙasa.

Ya tsaya yana kallon ɗigon man. Ya shafa aljihu, mabuɗi yana nan.

“Maƙwabci! Ina babur ɗin Yaya?”

Mai faci yana durƙushe yana neman huji a cikin bahon ruwa. “Ai mai shi ya zo ya ɗauka. Wai an kira shi, akwai kaya na gaggawa a kan tudu. Da nasa mabuɗin ya zo, wanda ke rataye a wuyansa.”

“Tsumman fa?”

“Na ce masa, Filaya, ka ga ja a jiki. Ya ce wannan na baƙi ne, shi ɗan gida ne. Da haƙori ma ya kwance shi, ya goge ruwan da ke kan kujera, ya cusa a aljihu.”

“Ka bar shi ya tafi?”

“Ni in riƙe Filaya? Da wane hannun?” Ya ɗago yana dariya, amma da ya ga fuskar Mai Birki sai ya daina. “Kai, zauna mana. Ka yi fari fat.”

Bai zauna ba. Ya ciro waya, sai da ya yi kuskuren lamba sau biyu. Ta yi ƙara, ta yi ƙara, aka ɗauka. Muryar mace ce.

“Mijina na biyu! Yau ka tuna da ni?”

Matar Yaya ce. Kullum haka take tsokanarsa, shi kuma kullum yakan ce mata sai ta koyi girki tukuna. Yau bai iya ba.

“Anti, ina Yaya?”

“Ya bar wayar a kan tabarma, ka san tsufa ya fara kama yayan naka. Kofi biyu ya fasa mini a satin nan, wai santsi. Yanzu har maɓallin riga ni nake sa masa, ka ji soyayyar tsufa.” Sai ta daina wasan. “Auta, me ya faru? Muryarka ba daidai take ba.”

“Ba komai. Ta ina yake saukowa in ya ɗauki kaya?”

“Ta gangara mana, ta ina kuma? Ya ce hanyar zagaye ta masu jego ce. Auta, ka gaya mini…”

Ya kashe wayar.

Kowa a garin ya san gangarar. Titi ne da ya sauko daga tudun rumbuna a miƙe, ba kwana, har ya faɗa cikin shataletalen da manyan motoci ke juyawa. A ƙasan, inda kowa ke taka birki, kwalta ta yi sulɓi da baƙin mai, ga shi an yi ruwa. Rabin aikin da Mai Birki ke samu daga wannan gangara yake zuwa. Shi kansa bai taɓa bin ta a kan babur ba. In hidima ta kai shi kan tudu, da ƙafa yake saukowa, ta gefen kwata.

“Ba ni mabuɗin babur ɗinka,” ya ce wa mai faci.

“Kai? Kai da in ka hau babur kaza ke wuce ka?”

“Ba ni.”

Mai faci ya ba shi, ya bi shi da ido baki buɗe.

Lissafinsa ɗaya ne. In Yaya yana can sama ana ɗaura masa kaya, zai iya haurawa ya tare shi kafin ya sauko. Ya buga kik, babur ya tashi, ya fita titi ba tare da ya dubi dama ko hagu ba. Wata mota ta danna masa hon har cikin ƙwaƙwalwa. Ya murɗa totur, iska ta cika masa riga, hawaye suka fara fita ta gefen idonsa. Ya shiga tsakanin bas da motar yashi, madubi ya gogi wani abu, wani ya zage shi har da kakansa, bai waiwaya ba. Bakinsa yana ta motsi. Addu’a yake so ya yi, amma abin da ke fitowa shi ne, “Yatsu biyu, Yaya. Yatsu biyu. Don Allah, yatsu biyu.”

A duk inda ya duba malamin makaranta yake gani. Yadda ƙugun babur ya tashi sama. Yadda takalmi ɗaya ya tsaya a kan titi shi kaɗai, a tsaye, kamar mai shi zai dawo ya saka. Sai dai yanzu fuskar ta Yaya ce, ga kwali takwas a baya da za su biyo shi su danne, ga tayoyin tirela a gaba. Kuma da hannunsa ya ɗaura abin. Sau uku ya bi notunan don kada su saki. Da ma ya bar ɗaya a kwance. Da ma ya cire tayar ya kulle a akwati. Me zai ce wa Anti? Me zai ce wa yaran da ke kiransa Baba Ƙarami?

Tun kafin ya kai shataletale ya ga motoci sun tsaya cirko-cirko. Masu babur suna hawa gefen titi suna leƙe. Can gaba, daidai ƙasan gangara, wata tirela ta gitta ta rufe rabin hanya, mutane sun yi da’ira a bayanta.

Ya tsayar da babur a tsakiyar titi, ya sauka, bai ma kafe shi ba, ya ji faɗuwarsa a baya. Ya tafi yana dafa motoci ɗaya bayan ɗaya kamar mai koyon tafiya. Wata mata mai tallan lemo tana cewa, “Wallahi na rufe idona, na ce shi ke nan.” Wani yana cewa, “Tirelar ce ta mutu masa a gaba, ba ko alama.” Mai Birki ya dubi kwalta yana neman takalmi.

Babu takalmi. Babu jini. Ya kutsa cikin mutane.

Babur ɗin Yaya yana tsaye a kan tayoyinsa biyu, kwalaye a ɗaure yadda aka ɗaure su. Tsakanin tayar gaba da ƙarfen bayan tirela bai fi taki ɗaya ba. Sabon faifan yana ta ƙyalli. Yaya kuwa yana zaune a bakin kwata, hular kwano a gefensa, direban tirela na tsaye a kansa yana ta ba shi haƙuri yana rantsuwa.

Mai Birki ya zo ya zube a gabansa. Ya shafa masa kafaɗu, ya shafa gwiwoyi, ya juya masa fuska dama da hagu kamar mai duba taya.

“Kai, sake ni, mutane na kallo,” in ji Yaya. Muryarsa ba ta da ƙarfi. “Wa ya kawo ka?”

“Ni na kawo kaina.”

“A kan babur? Kai?” Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba.

Mutane suka fara watsewa da suka ga ba gawa. Aka taru ana tura tirelar gefe. Mai Birki ya tashi ya je ya duba babur, domin hankalinsa ya ƙi karɓar abin da idonsa ya gani. Ya taɓa faifan, da zafi. Ya dubi titi a bayan tayar. Babu baƙin layin da taya ke bari in ta kulle ta ja. An kama birkin nan daidai yadda ake kama shi, a hankali, ana ƙarawa, kamar hannun wanda ya yi zagaye dubu a bayan rumfa.

Ya dawo ya zauna kusa da yayansa, numfashinsa ya fara dawowa. “Ashe kana saurarena duk shekarun nan. Yatsu biyu ka sa.”

Yaya ya kawar da kai. Yana kallon hannunsa na dama da ke kwance a kan cinyarsa.

“Ban sa yatsu biyu ba, Auta.”

“To, yaya ka yi?”

“Damƙa na yi. Da na ga ƙarfen nan ya taso mini, na manta da kai, na manta da karatunka. Na damƙa da duk ƙarfina.” Ya ɗago ya dube shi. “Duk ƙarfina ke nan ka gani.”

Mai Birki bai gane ba, sai da Yaya ya miƙo masa hannu kamar za su gaisa. Ya sa nasa a ciki, jikinsa ya ɗaure da kansa yana jiran zafin da ya sani tun yana yaro.

“Ina matsawa,” in ji Yaya. “Ka ji?”

Jijiyoyin wuyansa sun tashi, goshinsa ya yi gumi. Abin da Mai Birki ya ji a hannunsa bai fi riƙon jaririn da ya kama yatsan uwarsa ba. Babban yatsa da manuni suna ɗan motsi. Sauran ukun suna kwance, sanyi ƙalau.

Sai komai ya dawo masa a jere. Kafaɗar mai faci da aka dafa. Kofi biyu. Maɓallin riga. Tsumman da aka kwance da haƙori. Tsoron da ya sake shi yanzun nan ya dawo ta wata ƙofa, ya zauna masa a ƙirji, kuma wannan bai da gudu, bai da hon, shiru ne kawai.

“Tun yaushe?”

“Wata huɗu. Da farko kamar tururuwa ke bi na. Sai na ce kwanciya ce na yi a kansa.” Ya janye hannun ya rufe shi da na hagu. “Shekaranjiya a nan wurin na matsa tsohon birkin, bai ko gaishe ni ba. Da ƙafa na tsaya, takalmina ya cinye. Shi ya sa na zo maka.”

“Ka je asibiti?”

“In je su ce in ajiye babur? In ajiye in ci me? In zauna a ƙofar gida yara suna cewa ga Filaya can, ba ya iya buɗe kwalba?” Ya share fuska da hannun riga. “Birkinka ya yi, Auta. Da shi zan ƙara shekara biyu ko uku. Kada ka gaya wa antinka.”

Mai Birki ya dubi gangarar, yadda ta miƙe har sama, motoci na saukowa a kanta ɗaya bayan ɗaya. Yau yatsu biyu sun isa. Ya yi tunanin ranar da za su zama ɗaya, da ranar da hannun zai zame daga totur gaba ɗaya, kuma babu faifan da aka ƙera don wannan rana. Bakin jan tsumman yana leƙowa daga aljihun rigar Yaya. Ya sa hannu ya zaro shi.

“Je ka rataye abinka,” in ji Yaya. “Na goge kujera da shi, ka yi haƙuri.”

Mai Birki ya matso kusa. Ya kamo hannun daman yayansa, ya ɗora a kan gwiwarsa, ya zagaya tsumman a wuyan hannun. Yaya ya yi ƙoƙarin fizgewa. Shekara arba’in da biyar, wannan ne karo na farko da Auta ya riƙe shi ya kasa ƙwacewa, kuma su biyun duk sun san haka. Ya ƙulla sau biyu.

“Mene ne haka?”

“Ka san dokar rumfata, Yaya. Abin da na ɗaura wa ja, ba ya hawa titi sai na kwance.”

“Ni babur ne?”

“Ban gama aiki ba ne.” Bai sunkuyar da kai ba. “Za mu kai kayan mutane, ni zan tuƙa. Daga nan asibiti. In likita ya ce a kwance, da hannuna zan kwance. In ka kwance da haƙori kuma, wallahi daga nan gidanka zan wuce in zauna in gaya wa Anti komai, har da takalmin.”

Yaya ya daɗe yana kallonsa. Ya dubi jan ƙullin da ke hannunsa.

“Babur ɗin mai faci fa, da ka yar a tsakiyar titi?”

Mai Birki ya waiga. Wasu sun riga sun ɗaga shi sun jingina da sandar fitila, madubi ɗaya yana lilo. Ya je ya kai shi wurin mai gadin wani shago ya bar masa amana, ya dawo. Suka sassauta igiya, suka ƙara kwalaye biyu a kan na tanki don a sami wurin mutum biyu. Mai Birki ne ya ɗaure igiyar, Yaya yana tsaye yana gaya masa ba haka ake ɗaurewa ba.

Ya hau gaba, Yaya ya matsu a bayansa tsakaninsa da kaya. Ya naɗe yatsu biyu a kan totur, ya ɗora biyu a kan birki. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya sake duban dama.

“Auta, hanya fa ba kowa.”

Ya ƙara duban hagu, sannan ya saki kuloci. Suka shiga shataletale a hankali, har wani mai tura baro ya zo ya wuce su yana waiwaye.

“In haka za mu tafi, kafin mu kai asibiti hannun ya warke da kansa,” in ji Yaya.

“Riƙe ni dai.”

Ya ji hannun hagu ya zagayo cikinsa ya kama riga da ƙarfi. Can sai na daman ma ya zo, da jan tsummansa, ya kwanta a kan na hagun. Mai Birki ya ɗan sauke ido ya dube shi sau ɗaya, ya mayar da idonsa kan titi.